Gafakar Malam Mustapha

Ana gobe sadakar arba'in ɗin Mustapha, Iya Falmata ta aika a kira mata babban ɗanta Modu daga shagonsa na gyaran rediyo da talabijin a Sheshe. Ya bar wata fanka a kwance a kan tebur, ya ratso lunguna zuwa gidansu na Mandawari, yana tsammanin batun shinkafa ne ko na tabarmi. Ya same ta a ɗaki a kan darduma da carbi a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Gobe in an shafa fatiha," in ji ta, "Babanku Goni zai buɗe Alƙur'anin da ƙanenka ya rubuta. Ya gayyato alarammomi huɗu su duba. In akwai ɗan abin da bai ƙarasa ba su ƙarasa masa, a kai masallaci, ladan ya riƙa kai masa. Kai naka shi ne rumfa da kujeru."

Modu ya ce, "To, Iya." Rubutun da ake magana yana cikin gafaka, jakar fatar nan da malamai ke adana warƙoƙin Alƙur'ani, kuma duk faɗin Kano mutum biyu ne suka san abin da ke cikinta. Ɗayan yana maƙabarta, kwana talatin da tara ke nan.

Gidansu gidan karatu ne tun daga kakan kakansu da ya taso daga Barno da buzu da allo. A gidan nan ba a lissafa namiji cikin maza sai ya haddace Alƙur'ani, sannan ya zauna ya rubuta shi da ka, warƙa bayan warƙa, da alƙalamin kara da tawadar da aka dafa a gida. Mahaifinsu ya rubuta uku kafin Allah ya karɓi abinsa. Ƙanensa Baba Goni ya rubuta biyar, kuma ba ya bari a manta da hakan ko da a wurin ɗaurin aure ne.

Shi Modu tun yana ɗan shekara goma sha uku aka cire shi daga lissafi, kuma wani ɗan kaset mai launin rawaya ne sanadi. A gidan maƙwabta aka sayo na'urar gem, irin wadda ake jonawa da talabijin. Ga wanda ke tsaye a gefe, wasan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ɗan jirgi ne da bai fi ƙwallon dabino ba, yana tafiya daga hagu zuwa dama a cikin baƙin sararin samaniya. Wasu halittu daga wata duniya sun kawo wa tamu yaƙi, suna fitowa ayari-ayari, waɗansu kamar rina, waɗansu kai ne kawai babu gangar jiki, kai kuma aikinka harbi da kaucewa. Hoton da kansa yake tafiya, ba ya jiran kowa, ba ya komawa baya. Rai uku ake ba ka. In sun ƙare, ko aka ɗauke wuta, sai ka koma farko ko da kana hango ƙarshe. Mataki takwas ne, kowanne da ƙaton ogansa yana jira a bakin fita.

Su biyu suke satar jiki su je, shi da Mustapha, a lokacin da ya kamata suna tilawa. Ranar da mahaifinsu ya bi sawu, Mustapha ya fita kama ruwa, sai aka iske Modu shi kaɗai da abin latsawa a hannu, baki a buɗe. Ya sha dukan da har yau in hadari ya haɗu yana jin sa a kafaɗa, bai kuma ambaci sunan ƙanensa ba. Daga ranar ya zama Modu ɗan gem. Ya ajiye allo, ya koyi gyaran kayan wuta, ya yi aure, ya haihu, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma a bakin dangi yana nan ɗan gem. In fankar gida ta lalace shi ake nema. In za a zauna shawara sai a aike shi sayen ƙanƙara.

Mustapha kuwa ya tafi a kan turba. Ya haddace yana da shekara goma sha tara, Allah ya ba shi muryar da in yana jan asham har masu shayi suke rage rediyo. Bayan rasuwar mahaifinsu ya sayi takarda ya fara nasa rubutun, Iya ce ma take dafa masa tawada da hannunta. Kowace Alhamis, da yake babu makaranta, sai a gan shi bayan azahar cikin farar riga, gafaka a rataye, ya nufi shagon Modu. Mutanen lungu suna cewa nasiha yake zuwa yi wa wansa. Iya har albarka take sa masa saboda haƙurin da yake yi da ɓatacce.

Nasihar ita ce a sauke ƙofar shago rabi, a jawo tsohuwar talabijin mai ƙusumbi daga ƙarƙashin tebur, a hura wa kaset iska, a danna. Modu ne ya tsinci irin na'urar a wurin 'yan gwangwan, ya farfaɗo da ita da hannunsa. Sai ka ga malamin unguwa ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana cije leɓe, yana karkata jiki duk inda jirgin ya karkata, yana salati in harsashi ya wuce ta gefensa. Modu yana yi masa dariya yana kiransa Alaramma matuƙi. A duk mako, awa biyun nan ne kaɗai Modu yake jin yana da ɗan'uwa a gidansu.

Hannun Modu ya fi sauri, amma Mustapha ne ya gano sirrin abin. Wata rana ya ce, "Yaya, ka lura kuwa? Halittun nan ba sa canja hanya. Inda suka fito jiya nan za su fito gobe. Ai wannan hadda ce."

Mahaddaci kuwa abu ɗaya ya sani, in ka riƙe sai ka rubuta. Ya zaro farar warƙa daga gafaka, ya yi bisimilla a sama kamar yadda hannunsa ya saba, ya fara da ajami, da kyakkyawan rubutun Barno irin na gidansu. Baƙar tawada ga hanyar jirgi, ja ga inda wuta ke fitowa, ruwan ɗorawa ga inda ake tsintar ƙarin makami. In suka gano kuskure ɗaya a warƙa ba ya kankarewa, sabuwa yake sakewa, don haka aka koya masa. Ya riƙa cusa su a ƙarƙashin na Alƙur'anin, domin babu maɓoya a Mandawari da ta kai gafakar malami. Matarsa ba ta taɓawa, ɗalibai ba sa taɓawa, ko ƙura za a kakkaɓe mata sai an yi alwala.

Abin da Modu bai sani ba sai daga baya shi ne, na saman sun daina ƙaruwa. A shekara ta uku da fara rubutu ciwon suga ya kama Mustapha, kansa ya fara yi masa gardama. Ayoyi masu kama da juna suka riƙa cakuɗe masa. Ya sami kuskure uku a warƙa ɗaya, a izu na goma sha tara cikin sittin, ya ajiye alƙalami ya ce sai gobe. Goben nan ta kai shekara tara. Asham ma ya bar wa wani, aka ce jiki ne.

"Ka gaya wa Baba Goni mana," in ji Modu ranar da ya faɗa masa. "Ciwo ai ba laifi ba ne."

"In ce masa me? Ɗan gidan Goni ya zubar da hadda?" Mustapha bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Nan in na yi kuskure rai ɗaya zan rasa, in sake. Can fa, Yaya?"

Bai taɓa yi wa kowa ƙarya da baki ba. Gafaka ce dai ta yi ta kumbura, Iya tana auna ta da ido tana cewa saura kaɗan, shi kuma yana sunkuyar da kai, ana cewa kunya ce irin ta malamai. Wata Litinin ya faɗi a bakin famfo, ran Laraba aka kai shi makwancinsa. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya mata biyu, da izu goma sha tara, da warƙa fiye da ɗari biyu ta yadda ake yaƙar dodannin sama. Ogan mataki na takwas kuwa sau biyu kacal suka taɓa ganinsa, kuma duk biyun shi ya ga bayansu.

A kwanakin nan talatin da tara Modu bai manta da gafakar ba. Tana rataye ne a ɗakin Sa'adiyya, matar marigayin, ita kuwa tana takaba. Wan miji ya shiga ɗakin mai takaba, ko ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙus-ƙus da ita, ai kafin la'asar matan lungu sun ɗaura musu aure da baki. Ya ce zai bari ta fita takaba ya karɓa cikin ruwan sanyi. Ga shi Iya ta riga shi.

Da ya fito daga ɗakin Iya sai ya tsaya a tsakar gida, daga nesa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya gaida Sa'adiyya. Ta amsa daga bayan labule.

"Gafakar Malam tana wurinki?" in ji shi. "Na ce ko in kai a ɗinke maratayin kafin gobe."

"Ai Iya ta karɓa tun shekaranjiya, Yaya. Tana ɗakinta."

Ya koma ɗakin Iya. Sai yanzu idonsa ya kai ga gafakar, a saman sif, an naɗe ta da farin ƙyalle, an turara ta har ƙamshin ya kama ɗakin.

"Iya, ko in kai wa Baba Goni tun yau, ya fara dubawa a nutse?"

Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannayensa da baƙin maiƙo ya zauna a ƙarƙashin faratan. "Kai?" in ji ta. Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi. "Bar ta inda take. Wanda zai buɗe shi zai ɗauka. Je ka ji da rumfa."

Ya yi niyyar gaya mata gaskiya. Sai ya ga yadda take kallon farin ƙyallen nan. Tun rasuwar ba ta cin abinci sai an matsa mata, ta rame har zobenta yana zamewa, yau ne kaɗai ya ga ɗan haske a idonta. Ya haɗiye maganarsa ya fita.

Ya nufi gidan Baba Goni. Ya iske shi a soro a kan buzu, mutane kusan goma sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda ya rubuta na huɗu a wata tara. Modu ya durƙusa ya ce yana da magana ta sirri.

"Faɗi mana, nan duk 'yan gida ne," in ji Baba Goni. Da ya ga Modu yana inda-inda sai ya kaɗa hannu. "In batun kujeru ne ka yi yadda ka gani." Ya juya ya ci gaba da labarinsa. Modu ya zauna a bakin ƙofa har aka kira magariba, soron bai ragu ba, daga masallaci kuma aka wuce da tsohon wata walima a mota.

Washegari da hantsi aka yi addu'a, aka raba gumba da waina. Da ma a irin wannan taro mutane watsewa suke da zarar sun shafa, amma labarin buɗe gafaka ya zaga, sai soron gidan ya cika har bakin titi. Mata suka taru a bayan ƙofar shiga cikin gida suna saurare, aka ajiye wa Iya kujera a can. Modu yana tsaye a jikin bango kusa da takalma, inda aka saba ganinsa.

Baba Goni ya kwance farin ƙyallen a hankali, ya zaro damin warƙoƙin, ya ɗaga ta farko ya nuna wa jama'a. Wallahi rubutu ne. Baƙi ya zauna daram, wasulla ja kamar yau aka ɗiga su. Soro ya ɗauki masha Allah, aka ji shessheka daga bayan ƙofa.

"Hannun yayana ne sak," in ji Baba Goni. "Ni na ɗora yaron nan a kan alƙalami."

Sai ya yi yadda ake yi in za a yi sauka: ya kasa damin kashi biyar, ya riƙe na sama, ya miƙa wa kowane alaramma nasa. Kashin ƙarshe ya faɗa hannun Alaramma Yusuf na Ƙofar Mata, tsoho tukuf wanda idonsa ya yi rauni, sai ya kai takarda har bakin hanci yake gani, kuma bai iya karatu a zuci ba. Ya gyara murya, ya ja bisimilla da ƙira'a mai daɗi, ya zarce da wannan muryar:

"Idan ka wuce haƙarƙarin ƙaton kifi, ka kwanta ƙasa, kada ka yi harbi. Uku za su fito ta baya."

Ya tsaya. Ya nisanta takardar, ya sake kusanto da ita. Sauran alarammomin ukun tuni suka yi tsit, kowa yana juya nasa kashin, suna satar kallon juna. Ɗaya ya ce a hankali, "Ko hatimi ne?" domin ya ga zane da layuka da ɗigo-ɗigo.

Zaharaddeen mai shagon caji, wanda ke tsaye a bayan Alaramma Yusuf yana leƙe, bakinsa ya riga hankalinsa. "Wannan ai mataki na biyar ne," in ji shi. "Gem ne, na jirgin nan mai harbin dodanni." Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Kalmar gem tana fita, duk kawunan da ke soron suka juyo wurin takalma, kamar an ja su da zare ɗaya. Babu wanda ya dubi gafakar. Shekara ashirin da biyar suna ajiye da mai laifi, yau ga laifi ya samu. Modu har ya so ya yi musu dariya. Sai ya tuna 'yan matan Mustapha biyu, da sunan da za a liƙa musu a makaranta kafin mako ya zagayo, ya tuna wadda ke zaune a kan kujera a bayan ƙofar can.

"Nawa ne," in ji shi. "Takarduna ne, Baba. Ni na sa su a ciki."

Baba Goni ya karɓi warƙa ɗaya daga hannun Alaramma Yusuf, ya daɗe yana dubawa. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani biyar ba ya kasa gane hannu. Ya san wanda ke jan wutsiyar baƙi haka, shi da bakinsa ya gama faɗa cewa shi ya koya masa. Ya kuma san rabon Modu da riƙe alƙalamin kara tun ana sayen kalanzir a kwalba. Ya ɗago ya dubi Modu, Modu ya dube shi, kowa ya gane kowa ya sani. Tsohon ya auna sunan gidan Goni a hannu ɗaya, ya auna mai gyaran fanka a ɗayan, bai ko ɓata lokaci ba.

"Allah ya shirye ka," in ji shi.

Modu ya sunkuyar da kai. A zatonsa shi ke nan, zagi ne da tsaki, ya saba da su. Baba Goni kuwa ya tattara na Alƙur'anin, ya bi su da yatsa har inda suka tsaya, ya ajiye.

"Izu goma sha tara," in ji shi da ƙarfi, yadda na bakin titi za su ji. "Kowa a nan ya san marigayi yana dab da kammalawa. Ka zare izu arba'in, ka cusa shirmenka don kada a ga gafaka ta rame. Ina ka kai su?"

Nan ne Modu ya ga ramin da ya faɗa da ƙafarsa. Shi ya ɗauka ƙaramin laifi ya saya, ashe babban na ɗaure a jikinsa. In ya ce babu wasu izu arba'in, ya tona abin da ya gama rufewa yanzun nan. In ya yi shiru, ya zama ɓarawon Alƙur'anin mamaci.

Jama'a kuwa ba sa son labari da giɓi, nan take suka cike shi. Wani ya ce ai akwai dillalan da ke sayen rubutun hannu suna fitar da shi waje. Wani ya ce Allah sarki, shi ya sa, duk Alhamis a shagon marigayi yake barin gafakar in zai je la'asar. Wani dattijo da bai taɓa shiga shagon ba ya ce shi da ma ya daɗe yana zargi. Sai wata murya daga baya ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Wa ya sani ko marigayi ganowa ya yi, baƙin cikin ya kayar da shi."

Modu kuwa wannan ce ta shige shi. Babu wanda ya ce a yi shiru.

Zaharaddeen, don ya wanke kansa daga sanin mataki na biyar, ya ce a ba shi takardun ya kai juji. Baba Goni ya ce a'a, kowace da bisimilla a kanta, ba a yar da sunan Allah, ƙonawa ake yi. Ya sa a kawo kaskon wuta a ajiye a tsakar gida, wuri mai tsarki, ya ce shi da kansa zai yi. Ya tattara su duka, bai bar wa kowa ko ɗaya ya ƙara dubawa ba, ya rungume su ya shige ciki. Alarammomi suka fara neman takalmansu, Modu ya matsa ya ba su hanya.

Ana haka wata mata ta leƙo ta ce Iya tana kira.

Ya ratsa tsakar gida, mata suna janye mayafansu daga hanyarsa. Baba Goni ya riga ya tsuguna a gaban kasko, yana saka warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, bai ɗago ba. Iya ta koma kan dardumarta, farin ƙyallen yana ninke a cinyarta. Ba kuka take ba. Modu ya durƙusa a bakin ƙofa, inda yake iya ganin ta da kuma wutar.

"Modu," in ji ta.

Tunda ta haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, shi ne ɗan fari, kunyarsa take ji. Yau ta faɗe shi sarai, kamar sunan wani baƙo.

"Ba zan yi maka baki ba," in ji ta. "Ba kuma zan tambaye ka abin da aka ba ka ba. Ka je ka karɓo su."

"Iya."

"Bari in gama. Shekara goma sha biyu ina dafa masa tawada. Ban taɓa cewa ya nuna mini ba, na ce sai ya gama in gani gaba ɗaya. In duka ba za su samu ba, ka roƙi mutumin ya ba ka ta ƙarshe. Warƙa ɗaya. Ina so in ga inda hannunsa ya tsaya, shi ke nan."

Modu ya san warƙar. A gabansa aka rubuta ta, Alhamis ɗin ƙarshe, rabinta ma ba a cika ba, jar tawada ta ɗan zuba a gefe don Mustapha yana dariya lokacin. Tana can a ƙasan damin da ke hannun Baba Goni, taku goma daga inda Iya take zaune, kuma damin yana ta raguwa. Da zai tashi yanzu ya fizge ta ya kawo mata, da ta sami abin da ta roƙa. Sai dai in ta riƙe ta a hannu, dole ya gaya mata wanda ya rubuta, daga nan kuma ba ta da alaramma, ba ta da izu arba'in da za ta jira. Ya dubi wuyan hannunta da ya koma kamar kara. Ya ji tausayinta, ya ji haushinta, ya rasa wanda ya fi yawa. Bai tashi ba.

"Ka ji ni?"

"Na ji, Iya."

"To kada ka sake tako ɗakin nan sai da ita a hannunka. Ko gaisuwa ce, ka aiko."

Iska ta juyo, hayaƙin kaskon ya shigo ɗakin, mai kauri, da ƙaurin takarda da tawada. Iya ta yi tari, ta kare hanci da bakin mayafi.

"In za ka fita ka ja mini labulen nan," in ji ta. "Ƙazantar nan taka tana shigo mini."

Ya ce, "To, Iya." Ya miƙe ya fita, ya ja labulen ta waje, ya tsaya ya gyara gefensa sosai yadda hayaƙin ba zai dame ta ba.